P0171 a Corolla 2005: an canza kaya sau biyu, wutar inji ta ƙi mutuwa

Malam Nura Jos: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara. Motata Corolla ce 2005, 'yar Amurka, ta Kwatano ta shigo, shekara shida ke nan tana hannuna ba ta taɓa kwana a gareji ba. Tun da hunturun nan ya kama, wutar nan mai hoton inji ta kunnu a dashbod. Da asuba in na tayar da ita sai ta riƙa karkarwa a silo, wato tana tsaye ban taka totur ba, kamar mai zazzaɓi, wani lokacin har ta mutu a bakin get. Da ta ɗauki zafi kuma shi ke nan, har Bauchi na je da ita na dawo lafiya. Na kai gareji aka sa mata kwamfuta, ta nuna P0171. Bakaniken ya ce sensar salansa ce, na sayo Beljiyam aka ɗaura, aka goge wutar. Kwana uku ta dawo. Ya ce to fulogi ne, aka canza huɗun, aka wanke nozul. Shekaranjiya ta sake dawowa. Yanzu kuma wai famfon mai zan saya. Ni malamin makaranta ne jama'a, albashin Disamba rabinsa yana cikin bonet ɗin nan.

Alhaji Tanimu Direba: Wa alaikumus salam. Malam, motar tana tafiya? Tana ja? To nemi baƙin tef ka liƙe wurin. Sharon ɗina shekara huɗu wutar nan tana kunne, kullum ina Kano zuwa Abuja. Ranar da ta mutu ma sai da gabana ya faɗi, ashe ƙwan ne ya ƙone.

Maman Khalifa: Kai Alhaji, Allah ya shirye ka. Da fasinja a ciki fa!

Oga Iliya Panteka: Famfon mai ne, yaron bai yi ƙarya ba. Wannan lamba ma'anarta mai ba ya isa. Mene ne ke kai mai? Famfo. Motar da ta kusa shekara ashirin, ga jagwalgwalon fetur da muke sha, ga masu yawo da tanki a ƙasa kullum. Famfon nan a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi. Ka canza ka huta.

Mubarak Sikana Kano: Oga Iliya, da girmamawa, kada Malam ya sayi komai tukuna. Lambar ba ta ce mai ba ya isa ba. Cewa ta yi haɗin ya yi tsarwai, iska ta rinjayi mai. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Sensar da ke bakin salansa ita ke shinshina hayaƙi ta faɗa wa ƙwaƙwalwar mota yadda haɗin ya kasance. In ta ce iska ta yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Ta sake cewa, a sake ƙarawa. Sai ƙarin ya wuce iyakar da aka yanka mata sannan ta kunna wuta ta rubuta P0171. To ka ga hanya biyu ce: ko dai mai ne ya ragu, ko kuma iska ce ke shigowa ta ɓarauniyar hanya ba a ƙirga ta ba. Akwai ta uku ma, ma'aunin iskar ya riƙa faɗin ƙarya. Ita sensar salansa da aka fara cirewa 'yar aike ce kawai, saƙo ta kawo aka kama ta da duka.

Malam Nura Jos: Wato tsohuwar sensata lafiyarta ƙalau?

Mubarak Sikana Kano: Ba zan rantse ba, amma tunda an canza ta lambar ta dawo yadda take, alama ta nuna haka. Kuma ka binciki wadda aka sa maka. Corolla ta 2005 ba irin sensar ta 2003 da 2004 take amfani da ita a gaba ba, tata mai auna haɗin iska da mai ce kai tsaye. A ido kamanninsu ɗaya. 'Yan kasuwa da yawa duk sensa sensa ce a wajensu.

Oga Iliya Panteka: Yaran zamani ke nan, sai dogon turanci. Mu da kunne da hanci muka gyara Fijo 504 da Bitil tun ba a haife ku ba.

Mubarak Sikana Kano: Haka ne Oga, kuma har gobe a wajenku muke koyon ɗaure noti. Amma ga tambaya ɗaya, kai za ka fi ni sanin amsarta. Famfon da ya gaji, yaushe yake nuna kansa, a silo ko a hawan tudu?

Oga Iliya Panteka: A tudu mana, ko in an take totur za a wuce tirela. A silo ɗan mai kaɗan inji ke sha.

Mubarak Sikana Kano: To Malam ya ce ya je Bauchi ya dawo. Dawowar nan hawa ce har cikin Jos, mota ba ta shaƙe ba. Matsalarsa da asuba ce, a tsaye, inji da sanyi.

Oga Iliya Panteka: Hmm. Wannan kam ka kama ni. Amma dai a auna famfon, gwaji ba ya cin kuɗi.

Mubarak Sikana Kano: Na yarda a auna. Na injin nan ya kamata ya ba da tsakanin 44 zuwa 50 a agogon awo na psi. Aunawa daban, saye daban.

Sadiq Bukuru: Ni fa ina ganin tsayin Jos ne. Muna sama da mita 1,200 daga teku, iskar nan ba irin ta Legas ba ce. Motocin da aka kawo daga ƙasa sai a hankali.

Oga Iliya Panteka: A'a ɗana, ka juya zancen. A kan tudu iska raguwa take yi. Zamanin kafireta motar da ta hau Filato baƙin hayaƙi take yi don mai ya yi mata yawa, sai mun rage mata. Shi kuma Malam iska ce ta yi masa yawa. Ban da haka ma motocin nozul suna gyara wa kansu wannan.

Maman Khalifa: Bari in sa baki ko da ba bakanikiya ba ce ni. Bara war haka tawa ta nuna wannan lambar sak, ita ma Corolla ce. Ƙanina ya buɗe bonet, a jikin bututun da ya fito daga akwatin eya-kilina akwai wani ɗan baƙin abu mai soket, sukuru biyu ke riƙe da shi. Ya ciro shi, ya leƙa da tocila, wasu 'yan siraran wayoyi a ciki duk ƙura ta yi musu riga. Ya fesa musu wani magani, ya bari ya bushe, ya mayar. Har yau wutar ba ta dawo ba. Abin da ya jawo kuwa, yaron da ke min juyen baƙin mai bai rufe akwatin da kyau ba, ƙugiya ɗaya a sake, duk hazon nan yana wucewa ta gefen matatar.

Mubarak Sikana Kano: Hajiya kin faɗi rabin karatun. Wannan shi ne eyafulo, ma'aunin iska. Waya ce ake ɗumama ta da wuta, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawan iskar. In ƙura ta lulluɓe ta ba ta jin iskar sosai, sai ta faɗi ƙasa da abin da ya shiga, ƙwaƙwalwa ta ba da mai kaɗan. A lokacin hazo kusan kullum sai na wanke wa wani. Sai dai a kula: ba a taɓa wayar da tsinke ko auduga, ba a wanke ta da fetur, ba a hura mata iskar falkinaza. Akwai feshin da aka yi dominta, in babu a nemi na wanke kayan lantarki wanda ba ya barin maiƙo.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum 'yan Najeriya. Ku dai kuna ta zancen sensa, ba wanda ya tambayi Malam inda yake shan mai. Mu nan da muka saba da man kwalba na bakin titi mun san halinsa. Wani da ruwa, wani da kananzir. Buji, wato fulogi, ya yi ta baƙi, mota ta yi ta tari.

Malam Nura Jos: A gidan mai nake sha ɗan'uwa, wuri ɗaya shekara da shekaru. Ban taɓa tsayawa wajen 'yan bumburutu ba sai in wahalar mai ta yi tsanani.

Sadiq Bukuru: Gidan mai ma ai ba tabbas. Kun manta Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol? Motoci nawa suka kwanta a Legas da Abuja?

Mubarak Sikana Kano: Gaskiya ne, irin wancan man yana iya kawo wannan lambar, don injin yana buƙatarsa da yawa fiye da fetur zalla. Amma mugun mai ba ruwansa da asuba ko azahar, kuma in tankin ya ƙare matsalar ta bi shi. Malam ya sha tanki nawa tun fara wannan abu? Ni ga abin da nake so. Malam Nura, ka samu ɗan sikanan nan ELM327 mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, ko aro ne. Soket ɗinsa yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi. Ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner a wayarka. Kada ka goge komai. Ka fara buɗe hoton da ƙwaƙwalwa ta ɗauka a daidai lokacin da ta rubuta lambar, zai nuna zafin inji da gudun mota a wannan daƙiƙar. Sannan ka nemo layi biyu, STFT da LTFT. Na farko gyaran da take yi wa mai nan take, na biyu wanda ta riga ta haddace; kashi cikin ɗari ne, + tana ƙara mai, - tana ragewa. Ka karanto min su sau uku: da asuba a silo, bayan ta yi zafi a silo, sannan ka riƙe totur juyin inji ya tsaya a 2,500.

Malam Nura Jos: Akwai wani abokin aikina mai shi. Amma fa jiya yaron gareji ya ce in cire kan batir minti goma wutar za ta mutu.

Mubarak Sikana Kano: Kada ka yarda! Za ta mutu, amma da ita da shaidar da muke nema duk za su tafi tare. Shi ya sa ma kake ganin kamar an gyara. In an goge, ƙwaƙwalwa daga sifili take farawa, kuma ba ta kunna wuta sai ta ga laifin a tafiya biyu a jere. Kwana ukun nan da kake samu ba sauƙi ba ne, lokacin da take ɗauka ne ta sake kama ɓarawon.

Abba Minnesota: Sannunku da gida. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma wannan labarin na san shi kamar yunwar cikina. Irin motar nan na fara saya da na zo ƙasar nan. Injin 1ZZ mai lita 1.8, manifol ɗinsa, wato bututun da ke raba wa inji iska, na roba ne, tsakaninsa da kan inji akwai gaskit na roba shi ma. In ya tsufa yana taurara ya lotse. Da sanyi sai ya ƙanƙance iska ta riƙa zurarawa, in inji ya yi zafi komai ya buɗe ya toshe kafar da kansa. Toyota da kansu sun fitar wa garejojinsu sanarwa a kan wannan, suka sake gaskit ɗin, tsohon baƙi ne, sabon ruwan lemo. Nan duk lokacin ƙanƙara sai ka ji masu Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2008 suna kuka da P0171.

Alhaji Tanimu Direba: To Jos ƙanƙara ake yi? Ku bar kawo mana ciwon Turawa.

Abba Minnesota: Alhaji, sanarwar don tsananin sanyi aka yi ta lokacin motocin suna sababbi. Yanzu robar ta shekara kusan ashirin tana gasuwa a jikin inji. Sanyin asubar Jos ya ishe ta. Kuma maganar tef ɗinka, a jihohi da dama na nan in wutar nan tana kunne mota ba ta cin gwajin hayaƙi.

Alhaji Tanimu Direba: Mu nan gwajinmu ɗaya, ta tashi ko ba ta tashi ba.

Mubarak Sikana Kano: Alhaji, wutar guda ɗaya ce amma lambobin da ke kunna ta ɗaruruwa ne. In ka saba da ita a kunne saboda ƙaramin abu, ranar da babba ya zo wa zai gaya maka? Kuma in ka ga tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wannan inji ne ke tsallake wuta, ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana dafa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Nan kam faka ake yi.

Oga Iliya Panteka: Indomin da yawancinsu an riga an fasa an sayar tun a Kwatano.

Malam Nura Jos: Jama'a barkanmu da safiya, na samo sikanan, ga abin da na gani. Hoton da ta ɗauka: gudun mota sifili, zafin ruwa 46, juyin inji 1,040. Yau da asuba bayan kamar minti biyu da tayarwa, LTFT +29, STFT yana yawo tsakanin +8 da +12. Bayan na kai yara makaranta na dawo, a silo LTFT +17. Da na riƙe a 2,500 ya sauko +6. Lamba ɗaya ce kawai, babu wata.

Mubarak Sikana Kano: Alhamdulillahi, mota ta yi magana da bakinta. Lafiyayyen inji bai kamata ya wuce +10 ba, yawanci ma kusa da sifili yake zama. Naka da sanyi in ka haɗa biyun ya kusa 40. Duba yadda yake sauka in ka ba ta wuta. A silo totur a rufe yake, inji yana zuƙa da ƙarfi, iskar da ke bi ta halastacciyar hanya 'yar kaɗan ce, don haka ƙaramar kafa ma tana da tasiri. In ka buɗe totur iska mai yawa ta shigo, ta kafar ta ɓace a cikinta. Da famfo ne ko eyafulo, akasin haka za mu gani, lambar ta riƙa hawa in an taka. Iska ce ke shiga ta bayan ma'auni. Saura mu san ta ina.

Oga Iliya Panteka: To yanzu an zo fagena. Malam, gobe da sassafe kafin ta yi zafi, ka tayar da ita ka sami feshin wanke kafireta. Ka riƙa fesawa kaɗan-kaɗan a inda manifol ya haɗu da kan inji, bututu huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ji muryar inji ta canza, nan ne. Kafin nan ka bi tiyo-tiyon da hannu, musamman wanda ya fito daga murfin saman inji, da babban bututun iska, ka lanƙwasa shi ka duba cikin ninkin. Nan yake tsagewa ba a gani.

Mubarak Sikana Kano: Dabarar Oga tana aiki, kuma in kana kallon STFT a waya za ka ga ya faɗo ƙasa da zarar feshin ya shiga. Amma abin nan yana kama wuta. Inji da sanyi, a fili, ba sigari, kada a fesa wajen kwayil ko altaneta, a ajiye abin kashe gobara kusa. Ni na fi son injin hayaƙi, a cika manifol da hayaƙi mota a kashe a ga inda yake fita.

Oga Iliya Panteka: Injin hayaƙi a ina malamin makaranta zai same shi? Shekara talatin ina fesawa gemuna bai ƙone ba.

Maman Khalifa: Malam dai ka fitar da ita daga gida tukuna, kada a ƙona wa uwargida rumfa.

Malam Nura Jos: An yi gwaji. Tiyo duk lafiya. Na fesa a bututu na ɗaya da na biyu shiru. Ina zuwa na uku inji ya yi wani gurnani ya daidaita, STFT ya faɗo daga +10 zuwa -14 a kan idona. Na huɗu ma haka, amma bai kai na uku ba. Wallahi sai da na yi kabbara ni kaɗai a ƙofar gida.

Abba Minnesota: Na gaya muku! Ka nemi mai ruwan lemon. Aikin bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Sadiq Bukuru: In ba a samu ba a shafa gam kawai a ɗaure, haka aka yi wa tawa.

Oga Iliya Panteka: Kul! Wannan gaskit a cikin kwarminsa yake zama, a bushe ake sa shi. Gam in ya matse ta ciki gutsurewa yake inji ya haɗiye. A goge fuskar kan injin tas, a toshe ramukan da tsumma mai tsabta lokacin aiki kada wani noti ya faɗa, a kuma tuna a cire tsumman, na taɓa ganin wanda ya manta. Wajen ɗauri daga tsakiya ake farawa a fita waje, kaɗan-kaɗan. Roba ce, ba a sa mata bututu a sifana ana hawa da ƙafa.

Mubarak Sikana Kano: Awon ɗaurin 30 ne a ma'aunin Nm, in bakaniken yana da sifana mai awo. Tunda an buɗe, a wanke bakin totur da eyafulo gaba ɗaya. Bayan an haɗa silo zai iya yin sama da ƙasa na ɗan lokaci kafin ƙwaƙwalwa ta sake koyo, kada a tsorata a fara kwance wani abin. Malam, zafin ruwa nawa take kaiwa in ta yi tafiya?

Malam Nura Jos: 88 na gani.

Mubarak Sikana Kano: Madalla, ba a cire maka tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, ba ke nan. Kada ka bari a cire.

Oga Iliya Panteka: Wannan kuma wata rigimar ce, ni da kai za mu yi ta wata rana. Ƙasar zafi daban.

Malam Nura Jos: 'Yan'uwa ga rahoto bayan kwana tara. A Jos baƙi kawai na samu, sai wani ɗalibina ya sayo min mai ruwan lemon a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya ba direba ya kawo. Kuɗinsa bai kai kwatan na sensar da na saya ba. Da aka ciro tsohon, ya baje kamar an yi masa guga, wajen na uku ya tsage, da na lanƙwasa shi karyewa ya yi kamar busasshiyar taliya. An ɗaura sabo, an wanke eyafulo, sannan muka goge lambar. Yau da asuba, da duk sanyin da aka yi, LTFT +4, karkarwa babu. Famfon mai kuma Oga Iliya, mun auna, 47. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Oga Iliya Panteka: To famfo ya fita daga zargi, na janye. Amma a rubuta cewa feshina ne ya kama ɓarawon, ba wayar Mubarak ba.

Mubarak Sikana Kano: An rubuta Oga. Malam, saura abu ɗaya: ka koma ka karɓo tsohuwar sensarka, Denso ce ta asali da ta zo da motar. Ta Beljiyam ɗin nan ba mu san shekarunta ba.

Malam Nura Jos: Na je jiya. Ogan ya ce yaronsa ya ajiye, yaron ya ce ogan ya ɗauka. Da na matsa sai wani almajirin garejin ya ja ni gefe ya ce tun satin da aka cire ta aka ɗaura wa wata Matrix, mai ita ma ya biya kuɗin Beljiyam.

Alhaji Tanimu Direba: Malam Nura, wannan ɗan sikanan na abokinka, yana shiga Sharon?